Yadda ake bin sawun faston ƙauye a jihohin kudu na ƙasar Amurka

Ƙaramar 'yata ce ta jawo mini wannan aiki. Ta dawo daga makaranta da takarda, wai malamarsu ta ce kowa ya zano salsalar gidansu. Ɓangarena bai ɗauke mu minti biyar ba. Na jero mata kakanni shida daga Zariya da ka, yadda kakata take jero mana su a tsakar gida bayan isha'i. Da muka juya ɓangaren uwarta sai igiya ta tsinke a na uku. Mai ɗakina baƙar Ba'amurkiya ce, tushensu wani ƙauye a tsakiyar jihar Jojiya, kuma abin da mahaifiyarta ta riƙe game da kakanta bai wuce uku ba: sunansa, gundumar da ya zauna, da cewa faston Baptis ne da yake zagaya coci huɗu a kan alfadari. Shekara uku ke nan ina bin mutumin nan a cikin takardu. Mu da muka yi aure a ƙasar nan muna da yawa, 'ya'yanmu kuma za su yi irin wannan tambaya, shi ya sa na ga gara in rubuta hanyar da na bi, har da inda na ɓata.

Kada ka fara da kwamfuta. Fara da tsohuwar da ke raye. A nan na sha wuya, don ni Bahaushe ne, zama gaban suruka ina yi mata tambayoyi kamar ɗan sanda ba tarbiyyata ba ce. Ita ce ma ta gaji da sunkuyar da kaina, ta ce in ja kujera in zauna. Na lura idan na ce, "Mama, wane ne mahaifin kakanki?" sai ta ce ba ta sani ba, magana ta mutu. Amma da na ce, "Mama, ina ake binne mutanenku? Wa ke dafa abinci ranar taron coci na watan Agusta? A wane rafi aka yi miki baftisma?" sai bakinta ya buɗe, sunaye suka riƙa zubowa. Ka kunna rikodar wayarka da izininta, ka bar ta ta yi ta zagaye. Ka kuma tambayi sunan yanka na kowa, don a ƙauyukan nan mutum zai mutu da laƙabi jikokinsa ba su taɓa jin sunan da ke takardarsa ba.

Daga nan ka nemi akwati. Kowane gida akwai mace ɗaya da ake tara takardu a wajenta. Abu biyu kake nema. Na farko babban Littafi Mai Tsarki na gidan, wanda a tsakiyarsa akwai shafukan da ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Ka duba shekarar da aka buga littafin: duk abin da aka rubuta da ya girmi wannan shekara, daga baya aka rubuta shi, yana iya karkacewa. Na biyu takardun jana'iza. Baƙaƙen Kudu suna buga ɗan ƙaramin littafi a kowace jana'iza, da hoton mamaci, da sunan iyayensa, da cocin da ya shiga, da jerin waɗanda ya bari. Surukata tana da su fiye da hamsin a cikin akwatin takalmi. Daga cikinsu na samu sunayen 'ya'yan faston guda bakwai, kuma da waɗannan sunaye na gane gidansa a ƙidaya.

Ƙidayar Amurka ana yin ta duk shekara goma tun 1790, kuma ba a sakin sunayen mutane sai ta cika shekara 72. Ta 1950 ce ta baya-bayan nan da aka saki, a Afrilun 2022. Shafin FamilySearch yana da su kyauta, rajista kawai za ka yi. Ancestry na kuɗi ne, amma ɗakunan karatu na gari da yawa suna ba ka shiga ba ko sisi. Ka fara daga 1950 ka riƙa ja da baya, shekara goma-goma, kada ka tsallake. Ta 1900 ita ce zuma: tana ba da wata da shekarar haihuwa, shekarun aure, 'ya'ya nawa mace ta haifa da nawa ke raye, da ko gidan nasu ne ko haya. Ta 1890 kuwa ka manta da ita, gobara ta cinye kusan dukkanta a Washington a Janairun 1921. Wannan rami na shekara ashirin tsakanin 1880 da 1900 ya isa a haifi yarinya, ta girma, ta yi aure, ta canza suna ba tare da ta taɓa bayyana a gidan ubanta ba.

Abin da ya fara ruɗa ni shi ne, a duk ƙidayar da na same shi, ba a rubuta mutumin nan a matsayin fasto ba. Manomi aka rubuta. Na koma wajen surukata cikin dabara na ce ko dai dattijon coci ne kawai? Ta harare ni. Ita ke da gaskiya. Cocin ƙauye a wancan zamani ba ta iya riƙe fasto ita kaɗai. Lahadi ɗaya a wata ake yi mata wa'azi, shi ya sa fasto ɗaya yake riƙe huɗu: wannan Lahadin farko, waccan ta biyu, haka har wata ya zagayo. Sauran kwanakin yana gonar audugarsa kamar kowa. Malamin ƙidaya ya tarar da shi bayan garma, ya rubuta abin da ya gani.

To a nan ne fahimtar su waye 'yan Baptis take da amfani, don wanda ya saba da tsarin Katolika ko Angalikan zai yi ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba kowa a ciki. Ba su da bishop. Kowace coci mai cin gashin kanta ce, ita ke kiran fastonta, ita ke sallamarsa, ita ke ajiye littafinta. Babu wata hedikwata da za ka rubuta wa ta aiko maka da fayil. Sannan ba sa yi wa jarirai baftisma. Sai mutum ya yi wayo ya furta bangaskiyarsa da bakinsa ake nitsar da shi a ruwa, galibi a ƙarshen taron farfaɗowa na bazara, lokacin da aka gama noman auduga ana jiran ta nuna. Saboda haka ranar baftisma ba za ta gaya maka ranar haihuwa ba. Mai ita yana iya zama ɗan shekara goma sha biyu, yana iya zama ɗan sittin.

Abin da suke da shi, wanda ya fi rajistar haihuwa daɗi, shi ne littafin zaman coci. Sau ɗaya a wata, yawanci ranar Asabar da ke gaban Lahadin wa'azi, 'yan coci suna zama, magatakarda yana rubutawa. Wane ya shigo ta hanyar tuba da baftisma. Wance ta shigo da wasiƙa daga coci kaza. Wane ya nemi wasiƙar sallama zai ƙaura. An kori wane saboda shan giya, ko rawa, ko zagi, ko ƙin halartar zama. Bayan wata uku ya zo ya ba da haƙuri an mai da shi. Wasiƙun nan su ne sawun ƙaura: idan littafi ya ce mutum ya zo da wasiƙa daga wata coci, ka samu garin da za ka je gaba. Shi kuma mai wa'azi hawa biyu yake yi. Da farko cocinsa tana ba shi izinin gwada wa'azi. Idan an gamsu, kuma wata coci ta kira shi, sai a gayyato fastocin maƙwabta su yi masa tambayoyi, su ɗora masa hannu, ya zama naɗaɗɗe. Duka biyun suna shiga littafi, da sunayen waɗanda suka naɗa shi. Ka rubuta sunayen nan, don sau da yawa a cikinsu akwai surukinsa ko wanda ya rene shi.

Ina littafin yake? Nan ne gizo ke saƙa. Yana iya kasancewa a ofishin coci, yana iya kasancewa a gidan jikar tsohon magatakarda, yana iya ƙonewa tare da tsohon ginin katako. Hanyar da ta yi mini aiki ita ce zuwa da kaina ranar taron komawa gida, wanda cocin ƙauye suke yi sau ɗaya a shekara, inda waɗanda iyayensu suka yi ƙaura zuwa Detroit da Chicago da Philadelphia suke dawowa a ci abinci a gyara kaburbura. Ni Musulmi ne, na faɗa musu tun a bakin ƙofa, kuma babu wanda ya ɗaure mini fuska. Abin da ya dame su kawai shi ne wane kwano ne ba naman alade a ciki. Kada ka nemi littafi a zuwan farko. Ka gaisa, ka ce kai surukin gidan wane ne, ka nuna hotunan jikoki. A zuwa na biyu ne wata dattijuwa ta fito mini da shi a nannaɗe cikin tawul. Ban roƙi a ba ni aro ba, kai ma kada ka roƙa. Na ɗauki hoton kowane shafi a kan teburinta, na kuma buga mata kwafi na kai mata.

Idan littafin ya ɓace, ba a rasa duka ba. Cocin Baptis na yanki ɗaya suna haɗuwa cikin ƙungiya, suna taro duk shekara, suna buga rahoton taron a ɗan siririn littafi. A bayansa akwai jadawali: sunan kowace coci, fastonta, magatakardanta, wakilan da ta aiko, yawan membobi, da gidan wayan da ake aika wa fasto wasiƙa. Ka jera rahotannin shekara ashirin, za ka ga mutuminka yana tashi daga wannan coci zuwa waccan kamar kana kallonsa. Shekarar da ya mutu kuma kwamiti yakan rubuta masa ta'aziyya. A Jojiya ka fara da ɗakin karatu na Jami'ar Mercer da ke Macon. A Alabama, Jami'ar Samford da ke Birmingham. A Karolina ta Kudu, Furman. A Karolina ta Arewa, Wake Forest. Akwai kuma babban ma'ajin tarihi na 'yan Baptis na Kudu a Nashville. Ka aika musu saƙo da sunan coci da gunduma da shekarun da kake nema kafin ka ƙona mai.

Sai dai ka san wace Baptis kake nema, don sunan ɗaya ne gidajen da yawa. Babban taron 'yan Baptis na Kudu an kafa shi a Augusta ta Jojiya a 1845, bayan sun rabu da na Arewa a kan batun mallakar bayi, kuma farare ne suka kafa shi. (Su ne suka aika Thomas Jefferson Bowen, ɗan Jojiya, ƙasar Yarbawa a 1850, cocin Baptis da kake gani a Kaduna da Jos daga wannan reshe suka tsiro.) Baƙaƙe sun fice daga cocin iyayengijinsu bayan Yaƙin Basasa ya ƙare a 1865, suka kafa nasu da ƙungiyoyinsu, suka haɗa babban taronsu na ƙasa a Atlanta a 1895. Akwai kuma waɗanda suka ware tun wajen shekarun 1830 suna ƙin ƙungiyoyin mishan da makarantun Lahadi, su ba sa ce wa mai wa'azinsu Rabaran, Dattijo suke ce masa. Laƙabin da ke kan kabari kaɗai zai iya nuna maka ƙofar da za ka bi. Idan kuma an ce mutuminka ya yi karatu, ka tuna Kwalejin Morehouse ta fara ne a 1867 a cocin Springfield da ke Augusta don horar da fastoci da malamai baƙaƙe, kafin ta koma Atlanta a 1879. Tsoffin littattafan shekara na irin waɗannan makarantu suna jera ɗalibai da garuruwansu.

Dabarar da na fi alfahari da ita a kotun gunduma na same ta. A Jojiya littattafan aure suna kotun da ke kula da wasiyya da gado. Kowa yana zuwa ne ya duba fihirisar ango da amarya. Ni na bar fihirisa, na riƙa buɗe shafi-shafi ina duba ƙasan takarda, inda wanda ya ɗaura auren yake sa hannu. Fasto yana biyo sunansa da haruffa biyu, M.G., wato mai hidimar bishara. Auren farko da ya ɗaura ya nuna mini lokacin da aka naɗa shi, na ƙarshe ya nuna lokacin da ƙarfinsa ya ƙare, sunayen ma'auratan kuma suka zana mini yankin da yake yawo. Ka tambaya a fili ko akwai littafin aure na baƙaƙe daban, don gundumomi da yawa sun raba su, kuma ma'aikaci ba lallai ya ɗauko maka na biyun ba sai ka ambata. Kafin ka fita ka leƙa ofishin rajistar filaye ka nemi takardar filin coci: tana ɗauke da sunan wanda ya ba da fili da dattawan da suka karɓa. Ka kuma duba ko gundumar ta wanzu a shekarar da kake nema. Jojiya tana da gundumomi 159, an yi ta yanka sababbi daga tsofaffi, mutum yana zaune a gona ɗaya takardunsa suna gari biyu.

Yanzu ga inda na faɗi. Na samu wata salsala da wani ya ɗora a intanet, da sunan mutumina, da gundumarsa, har da iyaye da kakanni. Murna ta sa na kwafe ta gaba ɗaya. Wata uku ina gini a kanta, har na gaya wa surukata. Sai takardar mutuwarsa ta zo (Jojiya ta fara rajistar mutuwa a faɗin jiha a 1919, Alabama tun 1908), na ga sunan uwa daban. Ashe su biyu ne masu suna ɗaya a gunduma ɗaya, kawu da ɗan ɗan'uwansa, tazararsu ba ta kai shekara goma ba. Mai salsalar ya dunƙule su ya mai da su mutum ɗaya mai mata biyu da 'ya'ya goma sha shida. Tun daga ranar ba na karɓar suna sai ya zo da rakiya: matarsa, ko 'ya'yansa, ko maƙwabtan da na sani. Kuma duk abin da na rubuta, a gefensa ina sa littafin da shafin da na gan shi. Ita ma takardar mutuwa ba wahayi ba ce. Ranar mutuwa daidai ce, amma sunan iyaye wani ne cikin makoki ya faɗa, ka duba wane ne shi.

Sai katangar 1870. Ita ce ƙidayar farko da ta rubuta 'yantattun bayi da sunayensu. Ta 1850 da ta 1860 suna da jadawalin bayi, amma ƙarƙashin sunan ubangida, shekaru da jinsi da launi kawai. A 1870 na samu faston yana yaro a gidan wani mutum da wata mata. Wannan ƙidaya ba ta faɗin dangantaka, sai ta 1880 ta fara, don haka ban ce iyayensa ba ne sai da ta 1880 ta kira shi ɗa. Don ƙetare katangar, akwai rajistar masu zaɓe ta Jojiya ta 1867, karon farko da baƙaƙen maza suka shiga. Akwai takardun Freedmen's Bureau, hukumar da ta kula da 'yantattu daga 1865 zuwa 1872, musamman yarjejeniyar ƙwadago, masu haɗa sunan ma'aikaci da mai gona. Akwai bankin 'yantattu da ya yi aiki daga 1865 zuwa 1874, mai rassa a Savannah da Augusta da Atlanta, wanda yake tambayar mai ajiya sunan uba da uwa da 'yan'uwa. Duka suna FamilySearch. Kada ka ɗauka dole sunan gidanku na ubangidan ƙarshe ne. Wasu sun ɗauki na wani tsohon ubangida, wasu sun zaɓi nasu. Ka duba fararen da ke maƙwabtaka da su a shafin ƙidayar 1870, mai babbar gona a cikinsu shi ne wanda za ka fara tuhuma.

Ni ta coci na ƙetare. Kafin yaƙi bayi suna zama membobi a cocin farare, a bencin baya ko a bene, magatakarda kuma yana rubuta su da suna ɗaya haɗe da na mai su. Tsohuwar cocin farare da ke nesa kaɗan da ta su surukata, littafinta yana cikin maikurofim, wato hotunan shafukansa a kan ɗan siririn fim. A ciki na ga an karɓi wata baiwa mai sunan uwar faston, an ambaci ubangidanta, a shafukan bayan yaƙi kuma na ga an sallami membobi baƙaƙe a dunƙule su je su kafa tasu. Da sunan ubangidan na koma kotun gado. Lissafin dukiyarsa yana nan, da dawakai da tukwane da gadaje, da mutane, kowa da farashinsa a dala. Sunanta yana tsakanin wata tsohuwa da wani yaro. Ban iya ci gaba da aiki ranar ba. Da na kai wa surukata kwafin, ta daɗe tana kallo, ta ce in karanta mata sunan tsohuwar sau biyu.

Gwajin DNA mun yi, ya ce kaso mafi tsoka daga Najeriya, 'yata ta yi tsalle wai ashe gida ɗaya muke da uwarta. Na bar ta da murnarta, amma gwajin ba ya nuna gari ko ƙabila yadda mu muke nufi. Amfaninsa na gaske shi ne 'yan'uwan da yake haɗa ka da su, don a cikinsu wani yana riƙe da hoton da ku ba ku da shi.

Maƙabarta kuwa ka je da sanyi, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da ciyawa ta kwanta macizai suka ɓuya. Shafin Find a Grave, mai tattara bayanan kaburbura, zai taimaka, amma kaburburan ƙauye da yawa ba su da rubutu, dutse ne kawai aka kafa a kai. Kada ka goge tsohon dutse da burushin ƙarfe ko ka shafa masa alli. Ruwa da hasken tocila daga gefe sun isa su fito da haruffa. Ka zana wa ke kwance kusa da wa, don a jere ake binne dangi. Kabarin faston yana da rubutu, cocinsa huɗu ne suka haɗa kuɗi suka kafa masa. A hagunsa akwai duwatsu biyu marasa suna. Ubangidan uwar faston ya gaji wasu bayinsa daga mahaifinsa da ya mutu a wata gunduma ta gabas, takardun gadon suna ma'ajin tarihi na jiha a Morrow, kudu da Atlanta. Na ɗauki hutun Juma'a mai zuwa, zan je in duba ko sunan tsohuwar nan yana ciki.